Makaɗa Biyu da Baƙinsu: Tarihin Fleetwood Mac

A shekarar 1966 Eric Clapton ya bar ƙungiyar John Mayall mai suna Bluesbreakers, a daidai lokacin da samarin Landan ke ganin duk Ingila babu mai taɓa jita kamarsa. Wanda Mayall ya ɗauko ya gaje shi wani saurayi ne ɗan shekara 19, Peter Green, ɗan unguwar talakawa ta Bethnal Green da ke gabashin birnin. Da farko masu kallo ba su yi na'am da shi ba, Clapton suke nema. Kafin shekara ta zagayo ya rufe musu baki. Clapton da ƙarfi da sauri yake kiɗa, shi kuwa Green sai ya taɓa tsirkiya ɗaya ya bar ta tana kuka har ta gaji. Jitarsa ƙirar Les Paul ce ta 1959, kuma ɗaya daga cikin maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiyarta a juye yake, shi ya sa take fitar da wani amo siriri mai kama da na mai magana ta hanci, wanda har yau makaɗan jita ke wahalar kwaikwayo.

A 1967 Green ya ga lokaci ya yi da zai kafa tasa ƙungiyar ta kiɗan buluz, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da samarin Ingila suka ɗauka da hannu bibbiyu a wancan zamani. Mutum biyu yake so a bayansa. Na farko Mick Fleetwood, dogo zanƙalele mai kaɗa ganguna, wanda Mayall ya sallama saboda shaye-shaye. Na biyu John McVie mai jitar bas, wanda ya yi ta jan ƙafa domin ba ya son barin albashin da yake da tabbacinsa a wurin Mayall. Sai Green ya ɗauki sunan ɗaya ya haɗa da guntun sunan ɗayan ya raɗa wa ƙungiyar, alhali McVie bai ma shigo ba tukuna. Ranar da suka fara hawa dandamali, a bikin kiɗa na Windsor cikin Agustan 1967, wani mai suna Bob Brunning ne ya riƙe bas na wucin gadi. Bayan 'yan makonni McVie ya sakko.

A wurinmu rukunin makaɗa da sunan mai waƙa ake saninsa. Ana cewa Shata, ana cewa Narambaɗa, masu kalangu da kotso da 'yan amshi kuwa sai na kusa ne ya san sunayensu, kuma in mai waƙa ya kau rukunin ya tashi ke nan. Green ya juya wannan tsari. Shi ne murya, shi ne mai tsara waƙa, shi ne jitar da ake biyan kuɗi a zo a ji, amma ya miƙa sunan ga mutum biyun da ke can baya, waɗanda ba sa rera waƙa kuma da wuya su tsara ta. Duk abin da ya faru da ƙungiyar cikin shekara hamsin da suka biyo baya daga wannan kyauta ya samo asali. Masu suna ba su da waƙa, don haka dole kullum su nemo mai ita. Duk wanda ya zo da waƙarsa kuwa, da salonsa yake zuwa, da halinsa, da damuwarsa.

Zubin farko ya yi tashe da wuri. Akwai Jeremy Spencer, gajere mai barkwanci, wanda ya haddace salon Elmore James na goga ƙarfe a kan tsirkiya, yana kuma kwaikwayon Elvis a dandamali don a yi dariya. Faifansu na farko ya fito a Fabrairun 1968, ya kai na huɗu a jerin faya-fayan Birtaniya. A wannan shekarar Green ya rubuta "Black Magic Woman", wadda Santana ya sake yi a 1970 har mutane da yawa suka ɗauka tasa ce. Amma Green ya fara jin buluz zalla ya yi masa kaɗan, Spencer kuma ba shi da sha'awar matsawa gaba. Sai ya ɗauko Danny Kirwan, yaro ɗan shekara 18, ya zama jita ta uku.

Shigowar Kirwan ita ce sauyi na farko da kunne ke iya kamawa. A saurari "Albatross", wadda ta hau na ɗaya a Birtaniya a farkon 1969. Babu murya ko ɗaya a cikinta. Fleetwood ya ajiye sandunansa na yau da kullum ya ɗauki masu kan auduga, yana buga ganga a hankali kamar bugun zuciya, faifan tagulla na shuu a bayansa. Jitar Green da ta Kirwan suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na ɗan sama da ɗaya, ba mai gaggawa. Spencer bai taɓa komai a ciki ba. Ƙungiyar da ta fara da kwaikwayon dattawan buluz na Shikago ta samo abin da yake nata, kuma ba za ta same shi ba in da wannan yaron bai zo ba. Daga nan "Man of the World" da "Oh Well" suka biyo, da faifan Then Play On, duk a 1969.

Sai Green ya fara sukurkucewa. Ya tara gemu, ya koma sa dogayen riguna, yana ta matsa wa abokansa cewa su rabar da kuɗin da suke samu ga mabuƙata. Yana kuma shan ƙwayar LSD. A Maris ɗin 1970, suna rangadi a Jamus, ya bi wasu mutane zuwa wani gida a wajen birnin Munik inda aka sha ƙwayar, kuma abokan kiɗansa sun daɗe suna cewa daga ranar bai dawo daidai ba. A watan Mayu ya bar ƙungiyar da ya kafa. Daga baya likitoci suka tabbatar yana da taɓin hankali, ya shafe shekaru yana shiga asibiti yana fita. Shekararsa 23 lokacin da ya tafi.

Wata ƙungiyar da nan za ta naɗe tabarma. Led Zeppelin haka ta yi a 1980 da mai gangarta John Bonham ya rasu, ta ce babu mai maye shi. Wasu kuma sun yi sauyi ɗaya babba suka miƙe a kansa, kamar Pink Floyd da ta sa David Gilmour a gurbin Syd Barrett a 1968, ko AC/DC da ta ɗauko Brian Johnson bayan rasuwar Bon Scott. Fleetwood Mac ba ta watse ba, ba ta kuma samu magaji guda ba. Ta shiga shekara huɗu da rabi na shiga da fita, shekarun da masu ba da labarinta ke tsallakewa da gudu don su isa wurin da kuɗi yake. Ni a ganina a cikinsu aka gina komai.

Wadda ta fara shigowa ita ce matar McVie, Christine, mawaƙiya kuma makaɗiyar fiyano da ta yi suna a ƙungiyar Chicken Shack tun tana amsa sunan Christine Perfect. Ita ta zana hoton bangon faifan Kiln House na 1970, kafin ta zama cikakkiyar 'yar ƙungiya a wannan shekarar. A Fabrairun 1971, suna Los Angeles, Spencer ya ce zai fita ya sayo mujalla. Bai dawo ba. Bayan kwanaki aka same shi a hannun wata ƙungiyar addini mai suna Children of God, ya ce ya gama da Fleetwood Mac. Green ne ya zo ya taimaka aka ƙarasa rangadin, sannan ya koma inda ya fito. Aka ɗauki Bob Welch, Ba'amurke na farko a cikinsu, ɗan Kalifoniya mai murya ƙasa-ƙasa da son waƙa mai laushi. Tsakanin Welch da Kirwan da Christine, buluz ya ja baya, haɗin muryoyi da waƙar da za ta shiga rediyo suka matso gaba. Duk wanda ya saurari Future Games na 1971 da Bare Trees na 1972 zai ji ƙamshin abin da ke tafe.

Kirwan bai jure ba. Nauyin da Green ya bari a kansa ya faɗa, ga giya, ga rashin jituwa da kowa. A Agustan 1972, ana shirin hawa dandamali a Amurka, gardama ta kaure tsakaninsa da Welch a kan saita tsirkiya. Ya buga kansa da bango, ya farfasa jitarsa, ya ƙi hawa, ya zauna yana kallo sauran na fama ba shi. Fleetwood ya sallame shi yana ɗan shekara 22. Ya yi shekaru daga baya ba shi da matsuguni a Landan. Aka kawo Bob Weston da Dave Walker. Walker bai daɗe ba, shi kuwa Weston an kore shi a 1973 bayan ta bayyana yana neman matar Fleetwood, aka soke rangadin da ake ciki.

Nan ne manajansu Clifford Davis ya yi abin da ya fito da tambayar ko wa ke da sunan fili. Ya ce sunan nasa ne, ya tara wasu makaɗa dabam waɗanda babu ɗan ƙungiya ko ɗaya a cikinsu, ya tura su rangadi a Amurka a farkon 1974 da sunan Fleetwood Mac. Masu kallo da suka ga babu dogon mai ganga, babu McVie, babu Christine, suka yi bore, rangadin ya mutu a hanya. Shari'a ta ja shekaru. Mutanen da suka haƙura da tafiyar Green da Spencer da Kirwan ba su haƙura da wannan ba, domin a wurinsu muddin mai ganga da mai bas suna nan, ƙungiyar tana nan. Welch ne ya ba su shawarar su koma Kalifoniya da zama, kusa da kamfanin da ke fitar musu da faifai, suka kuma daina ɗaukar manaja, Fleetwood ya riƙe ragamar da kansa. Bayan ya kai su can, kuma ya yi faifai biyar da su, Welch ya gaji ya tafi a Disambar 1974.

Kafin tafiyar tasa da kaɗan, Fleetwood ya leƙa wani sutudiyo mai suna Sound City yana neman wurin ɗaukar faifai. Don ya nuna masa ingancin wurin, injiniya Keith Olsen ya kunna masa "Frozen Love", waƙar wasu masoya biyu, Lindsey Buckingham da Stevie Nicks, waɗanda faifansu na 1973 bai yi kasuwa ba har kamfani ya yar da su. A lokacin Nicks aikin kai abinci take a gidan cin abinci, tana kuma share gidan Olsen. Jitar ce ta tsaya wa Fleetwood a rai. Da Welch ya tafi sai ya nemi Buckingham, shi kuma ya ce ba ya zuwa sai da Nicks. Aka bar wa Christine ta yanke, tunda ita ce mace tilo a cikinsu. Suka haɗu a wani gidan cin abinci, jininsu ya haɗu. A jajibirin sabuwar shekarar 1975 aka zama mutum biyar.

Mai jita ɗaya suka je nema, suka dawo da ƙungiya sabuwa fil. Yanzu masu tsara waƙa uku ne, kowa da muryarsa. Christine na rubuta waƙar soyayya mai sauƙi da ɗumi. Nicks na zuwa da waƙoƙi masu kama da mafarki, da murya mai ɗan gurnani, tana juyi a dandamali cikin baƙaƙen mayafai. Buckingham da yatsunsa tsirara yake kaɗa jita, kuma shi ne mai ɗaukar waƙar kowa ya sassaƙe ta a sutudiyo. A ƙarƙashinsu duka ga ganga da bas ɗin nan da suka yi wa Green aiki, ba su sauya taku ba. Faifan da suka fitar a Yulin 1975, wanda ke ɗauke da "Rhiannon" da "Landslide" da "Say You Love Me", ya yi ta hawa a hankali suna bin gari-gari, sai a Satumbar 1976 ya kai na ɗaya a Amurka. A wannan rangadin Buckingham na rera "Oh Well" ta Green, domin wanda ya shigo gida yakan gaji kayan da ya tarar.

Faifan Rumours an ɗauke shi a 1976, yawancinsa a wani sutudiyo marar taga a Sausalito, kusa da San Francisco. Auren John da Christine na shekara takwas ya mutu, ba sa magana sai ta aiki. Buckingham da Nicks na rabuwa cikin faɗa. Auren Fleetwood ma na tangal-tangal. Hodar iblis ta yi yawa a wurin. Kowa ya rubuta abin da ke ransa game da wanda ke tsaye kusa da shi, kuma dole wancan ya kaɗa masa ko ya yi masa amshi. Buckingham ya yi "Go Your Own Way" a kan Nicks, ita ta yi "Dreams" a kansa. Christine ta yi "You Make Loving Fun" a kan sabon masoyinta, tsohon mijinta na riƙe da bas. "The Chain" kaɗai ce ke ɗauke da sunan su biyar, kuma daga guntayen waƙoƙi dabam-dabam aka yanka zaren ɗauka da reza aka liƙa ta. Faifan ya fito a Fabrairun 1977, ya yi mako 31 a matsayi na ɗaya a Amurka, ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara, an kuma sayar da fiye da miliyan 40. Mafi yawan waɗanda suka saye shi ba su taɓa jin sunan Peter Green ba.

Daga nan matsalar ta juye. Da can kowa na iya tafiya a nemo wani, yanzu duniya ta haddace fuska biyar. Buckingham ya ƙi maimaita Rumours, ya ja su zuwa Tusk na 1979, faifai biyu a haɗe da ya ci fiye da dala miliyan ɗaya, wanda wasu waƙoƙinsa shi kaɗai ya ɗauka a gidansa. Ya sayu kusan miliyan huɗu, aka kira shi faɗuwa, ko da yake yau da yawa na ganin a nan ne suka fi nuna ƙarfin hali. Kowa ya fara nasa. A 1981 faifan Nicks na kanta, Bella Donna, ya kai na ɗaya, Fleetwood kuma ya tafi Akara ya ɗauki The Visitor tare da makaɗan Gana, inda ya sake yin tsohuwar waƙar Green, "Rattlesnake Shake", da muryar Green ɗin kansa.

A Agustan 1987, bayan faifan Tango in the Night ya yi kasuwa, Buckingham ya ce ba zai je rangadi ba. Taron da aka yi a gidan Christine ya ƙare da dambe, ya fita. Mutum biyu aka ɗauka su cike gurbinsa, Billy Burnette da Rick Vito, duka ƙwararru. Amma Behind the Mask na 1990 ya nuna abin da aka rasa: akwai masu jita, babu mai sassaƙa. Nicks ma ta tafi. Su biyar sun haɗu dare ɗaya a Janairun 1993 don bikin rantsar da Bill Clinton, wanda ya yi yaƙin neman zaɓe da waƙarsu "Don't Stop", sannan kowa ya kama gabansa. Fleetwood ya sake gwada dabarar da ta yi masa aiki sau da yawa, ya kawo Dave Mason da Bekka Bramlett. Faifan Time na 1995 ko cikin 200 na farko bai shiga ba a Amurka. Abin da masu kallo suka yarda da shi a 1974 ya daina aiki: ganga da bas na nan, sunan halal ne, amma mutane ba su zo ba.

Da su biyar suka dawo a 1997, faifan The Dance ya hau na ɗaya kai tsaye. A wasan da aka ɗauki faifan ne Nicks ta rera "Silver Springs", waƙar da aka cire daga Rumours ba da son ranta ba, wadda kuma a kan Buckingham ta rubuta. Wajen ƙarshenta ta juya daga masu kallo ta fuskance shi, ta kafe shi da ido tana ɗaga murya, shi ma bai kau da kai ba yana kaɗawa, shekara ashirin bayan rabuwarsu. A 1998 aka shigar da ƙungiyar zauren girmamawa na kiɗan rok da ke Amurka, da sunan mutum takwas: su biyar ɗin, da Green da Spencer da Kirwan. Aka bar Bob Welch, wanda ya taɓa kai su ƙara kan haƙƙinsa na kuɗi. Wannan rashin adalci ne. Mutumin da ya riƙe su lokacin da ba su da kowa, ya sauya musu salo, ya kai su garin da suka haɗu da arzikinsu, ya rasu a 2012 ba a gyara ba.

Christine ta janye a 1998, ta koma ƙauye a Ingila, tsoron jirgin sama na cikin dalilanta. Rashinta ya fito da aikin da take yi wanda ba a cika lura da shi ba. Say You Will na 2003 waƙa 18 ne, tara na Buckingham, tara na Nicks, kamar an raba gado, babu muryar da ke shiga tsakani ta sanyaya. Ta dawo a 2014. A 2017 ita da Buckingham suka yi faifai, Fleetwood na kan ganga, McVie na kan bas, wato huɗu cikin biyar har da masu sunan, amma da yake Nicks ba ta ciki, da sunan Buckingham da Christine ya fito.

A 2018 aka sallami Buckingham bayan saɓani da Nicks da kuma gardama kan lokacin rangadi. Ya kai ƙara, aka sasanta kafin ƙarshen shekara. A karo na biyu mutum biyu aka ɗauka a gurbinsa, Mike Campbell na ƙungiyar Tom Petty da Neil Finn na Crowded House. A wannan rangadin suka tono tsoffin waƙoƙin Green da na Kirwan, har Nicks ta rera "Black Magic Woman", waƙar da aka rubuta shekara shida kafin ta shigo. Kirwan ya rasu a Yunin 2018, Green a Yulin 2020, watanni kaɗan bayan Fleetwood ya shirya masa babban wasan karramawa a Landan. Christine ta rasu ranar 30 ga Nuwamban 2022 tana da shekara 79. Nicks ta ce ba ta ga dalilin ci gaba ba tare da ita ba, kuma wannan karon Fleetwood bai fita neman kowa ba. Wasansu na ƙarshe a 2019 aka yi shi.